Sukarin da Ba Ya Isa Shayi

Ɗaliban jami'a kan zo nan Kambarawa su gaishe ni, musamman idan malaminsu ya gaya musu akwai wani tsoho da ya yi aikin sukari tun kafin a haifi iyayensu. Sai su zauna a kan tabarma su yi ta kallona, kamar za su ga sukarin a goshina. Da an gama gaisuwa wani mai baki a cikinsu zai ce, "Baba, ai yanzu abin ya yi sauƙi. Ka zuba a inji, ka danna, ka je ka sha lemo, kafin ka dawo ya rubuto maka amsa." Ba na musu da su, domin na ga injin da idona, na kuma yaba masa. Amma inji sunan abin da ka zuba masa kawai zai gaya maka. Abin zubawar fa, wa zai yi maka shi? To ku gyara zama, tunda ku kuka tsokano ni.

Da farko ku cire sukarin shayi daga ranku. Sukari iri-iri ne, kuma mafi yawansa ba ya zama shi kaɗai, a sarƙe yake da 'yan'uwansa. Ƙaron da kuke gani yana tsattsafowa a jikin ɗakwara, wanda malamai ke sa wa tawada, masu wankin hula su kafe hula da shi, ba komai ba ne illa doguwar sarƙar sukari mai rassa. Aikinmu shi ne mu tsinka wannan sarƙa a daidai inda muke so, mu ciro guntun da ake nema, mu tsabtace shi har ya zama babu komai a cikinsa sai shi. Masu bincike a jami'a su ne ke karɓa. A lokacin suna neman sanin yadda ƙwayar cuta ke maƙalewa a jikin hanji, domin an lura cewa wani sukari take kamawa ta riƙe. Idan aka gane wanne ne, wataƙila a sami maganin da zai sa ta saki. Mu ba mu taɓa ganin mara lafiya ba, amma mun san don shi muke tsaye.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wanke kwalabe. Ɗakin gwajin namu wani tsohon sito ne a bayan ofisoshin GRA, mai rufin kwano, da dalbejiya a ƙofarsa. Shugabanmu Dakta Mannir ne, wanda ya dawo daga karatu a waje, amma wanda ya koya mini aiki da hannu shi ne Malam Iro, babban ma'aikacin ɗakin. Mutumin cikin birni ne, gajere, mai ɗan gemu, ba ya ɗaga murya kuma ba ya maimaita magana. Ranar da na fara ya miƙo mini buroshi ya ce, "Sunanka Sada ko? To Sada, wanke." Na wanke na kawo. Ya ɗaga kwalbar ya dubi rana ta cikinta, ya ga ɗigon ruwa ɗaya ya maƙale a gefe, ya mayar mini in sake. Kwalba mai tsabta, ruwa ba ya tsayawa a jikinta, shimfiɗewa yake yi ya sauka. Na fi shekara a bakin famfon nan, har matan gidanmu suka fara yi mini ba'a wai an ɗauke ni aikin wanke-wanke da takardar sakandare.

Doka ɗaya ce ya faɗa mini sau biyu, abin da bai saba ba. Akwai wata kanta a can sama kusa da firji mai kananzir, da wasu ƙananan kwalabe da za ka rantse an manta da su ne, kowace da ɗan farin gari a gindinta. Ya nuna ta da sandar gilashi ya ce, "Komi ka gani a ɗakin nan ka wanke. Wannan kanta kuwa, ko da ido kada ka wanke ta. Ka ji ko? Ko da ido." Na ce na ji, amma ban gane ba sai daga baya.

Wata rana wani Alhaji, babban mai sayen ƙaro, ya zo da buhu uku a bayan akori-kura. Yana so mu ba shi shaidar cewa ƙaron ɗakwara ne zalla, don shi masu haɗa maganin tari ke so. Malam Iro ya ɗebo kaɗan daga baki, da tsakiya, da gindin kowane buhu, ya jiƙa, ya tace, ya zuba a bututu, ya sa a wata na'ura da muke kira maleƙa. Fitila ce mai ruwan ɗorawa a gefe guda, kai kuma ka leƙa ta ɗaya gefen. Ƙaron ɗakwara hagu yake karkata haske, na dushe kuwa dama. Ya leƙa, ya kira ni na leƙa, sannan ya juya ga Alhaji.

"Alhaji, na bakin buhu ɗakwara ne. Na gindi kuwa dushe ne."

Alhaji ya riƙe baki. "Malam Iro, wallahi da idona na duba!"

"Ai bakin ka duba, ranka ya daɗe. Wanda ya ɗura maka ya san nan za ka tsaya."

Alhaji ya yi ta dariya har da buga ƙafa, ya ce a bar shi ya leƙa shi ma. Ya leƙa ya ce shi dai bai ga komai ba sai wani abu kamar farin wata, rabi duhu rabi haske. Tun daga ranar ba ya sayen buhu sai an zazzage shi a kan tabarma, kuma duk sallah sai ya aiko mana da goro.

Amma aikin da ya riƙe ɗakin, wanda saboda shi ake biyanmu albashi, shi ne wani sukari da muke kira Tagwaye. Sunansa na littafi dogo ne, ba zan wahalar da ku ba. Sukari biyu ne mabambanta a manne da juna, kuma dole a fito da su a manne. Za ka tsince ƙaro, ka jiƙa, ka tace da ƙyalle, ka zuba shi a sifirit ya kwanta fari fat. Sannan ka dafa shi da asid mai rauni a kan ruwan zafi. A nan gwaninta take. Idan ka sauke da wuri sarƙar ba ta tsinke ba, idan ka daɗe Tagwayen sun rabu, ka yi asarar mako. Malam Iro ba ya duba agogo, ɗiga ruwan yake yi a takardar tacewa lokaci-lokaci, ya rataye ta a cikin tulun gilashi, ruwan magani ya bi ta a hankali ya ja kowane sukari zuwa inda ƙarfinsa ya tsaya. In ta bushe a fesa mata wani ruwa, a gasa a tanda, sai tabo ya fito jere, wani ja wani ruwan ƙasa. Da tabon nan muke karanta abin da ke cikin tukunya. Bayan haka a kashe asid da alli, a bi da ruwan ta cikin dogon bututu cike da gawayi, a yi ta tara ɗigo a ƙananan kwalabe, a ware waɗanda Tagwaye ke ciki, a ƙafar da ruwan har ya yi kauri kamar zuma. Wannan shi muke kira maɗi.

To maɗi ba kaya ba ne. Ba mai binciken da zai karɓi maɗi, domin datti na iya ɓuya a cikinsa, kuma ba ya aunuwa daidai. Sai ya yi ƙwaya, ya fito fari kamar gishiri, sannan a san shi ne shi kaɗai. Sukari kuwa yana da taurin kai a nan. Maɗin Tagwaye zai iya shekara yana kallonka, kana kallonsa. Abin da ke sa shi ya yi ƙwaya shi ne iri, wato ka ɗauko ƙwaya guda daga wanda aka taɓa yi, ka taɓa maɗin da ita. Sai sauran su ga yadda aka jera, su bi sahu. Kamar dai yadda mai nono ke barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don sabo ya kama. Abin da ke kan kantar nan da ba a wankewa ke nan.

Na tambayi Malam Iro inda aka samo irin farko. Ya ce, "Ba a samo shi ba, kyauta aka ba mu shi. Wata kwalba ce na ajiye na manta da ita, damina biyu ta wuce a kanta. Ran nan na zo zan zubar, sai na ga ta yi hwari. Ban san abin da na yi ba, kuma ban sake iyawa ba. Duk Tagwayen da ya taɓa hita daga ɗakin nan jikan wannan kwalba ne." Akwai kuma al'adar da ya riƙe, wadda ya ce haka masu aikin suke yi a ko'ina. Iri ba a sayar da shi. Wanda yake so zuwa yake yi da ƙafarsa ya roƙa, a ba shi kyauta. In nasa ya kama, sai ya ɗebi na farkon da ya fito ya mayar wa wanda ya ba shi.

Sai kuɗin man fetur suka shigo. Ku da ba ku gani ba, ba za ku gane ba. Masinjan ofishinmu ya sayi babur, direba ya sayi rediyo mai kaset, shinkafa ta zo daga ƙetare, kaji ma a daskare suke zuwa. Masu tsaga ɗakwara a daji suka ajiye wuƙa suka tafi birni leburancin gini, ƙaro mai kyau ya fara wuya. Mu ma rabonmu ya zo, ba zan yi butulci ba. Aka gina mana sabon ɗakin gwaji, da famfo a kowane tebur, da na'urar sanyaya ɗaki, da firji na lantarki, da kwalabe sababbi fil a cikin kwali. Sikelin da aka kawo mana a lokacin, har na bar aiki bai taɓa yi mini ƙarya ba.

A shekarar ce Malam Iro ya yi ritaya, ya biya kujerar Makka da kuɗin sallamarsa. Mun raka shi har inda motar alhazai ke tashi. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗakin yana hannunka da Dakta. Ka dinga duban rana ta cikin kwalba." Ya shiga mota yana murmushi.

Ranar da aka kwashe kaya zuwa sabon gini ba na gari. Dakta ya aike ni ƙauyukan arewa neman ƙaro, shi kuma an kira shi taro Kaduna, inda hedikwatar ma'aikatarmu take a wancan zamani. Ɗan kwangila ya ga manya za su zo buɗe gini, ya zuba leburori su kwashe komai su gyara. Mutanen kirki ne, sun yi aikinsu da zuciya ɗaya. Da suka ga ƙananan kwalabe da farin gari a gindi, sai suka ce ba za a shiga sabon ɗaki da datti ba. Suka wanke su tas da sabulu, suka jera a kan sabuwar kanta suna sheƙi. Da na dawo babbansu ya tarye ni da fara'a, ya ce, "Malam, har waɗancan da kuka manta da su mun wanke muku." Na tsaya ina kallon kwalaben. Ban iya yi masa faɗa ba, na ce masa sannu da aiki, na fita waje na zauna a kan dakali.

Ba a jima ba alhazai suka fara dawowa, aka zo mana da labarin Malam Iro ya rasu a can bayan ya kammala aikinsa, an binne shi a ƙasa mai tsarki. Kowa ya ce ya yi kyakkyawan ƙarshe, kuma gaskiya ne. Amma na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Wannan ita ce mummunar shekarar. Maɗi muna da shi, mai kyau kuwa, takarda ta nuna tabo ɗaya tak. Amma ya ƙi yin ƙwaya. Na kankare cikin kwalba da sandar gilashi har hannuna ya yi kanta. Na sa a firji, na fitar, na ƙara sifirit, na rage. Na sa wata kwalbar a cikin randa don sanyin ƙasa. Dakta ya sake lissafin komai daga farko, ya gwada hanyoyin da ya koyo a waje ɗaya bayan ɗaya. Ya tuƙa motarsa har jami'a ko za a sami ragowar wanda muka taɓa aika musu, ya tarar duk sun narkar sun yi aiki da shi. Ni kuma na koma tsohon sitonmu ko wata ƙwaya ta maƙale a jikin katako, na tarar an shafe shi da fenti an mayar da shi wurin hutun direbobi.

Daga Kaduna kuma aka aiko cewa an kashe kuɗi an yi gini, amma ba a ga abin da ke fitowa ba. In sabuwar shekarar kasafi ta zo babu kaya a ƙasa, za a rufe sashen, a sayo abin daga waje kamar yadda ake sayo komai. Dakta ya yi musu bayani cewa ba kamfanin da ke sayar da Tagwaye, ba su yarda ba, domin a shekarun nan ba wanda ya yarda akwai abin da kuɗi ba ya saya. Shi Dakta jami'a za ta ɗauke shi. Ni kuwa an riga an gaya mini inda za a kai ni: sito, ƙidayar buhunan siminti. Sana'ar da na fara da buroshi za ta mutu a hannuna, kuma a Katsina ba wanda zai sake yin ta.

Ana cikin zafin bazara matar Malam Iro, Inna Dije, ta fita takaba. Na ɗauki goro da turmin atamfa na shiga cikin birni in gaishe ta. A zaure na tarar da autansu Kabiru, wanda ya dawo daga makarantar horon malamai da sabon karatu a kansa. Yana zaune da reza, da daro cike da ruwa, da wata tsohuwar jakar mahaifinsa. Layu ne na gado, tun na kakanni, yana farke su ɗaya bayan ɗaya, yana jiƙa takardun a ruwa don rubutun ya wanke kada a wulaƙanta shi. Muka gaisa, na yi masa ƙarin haƙuri, ya ce in shiga Inna na ciki.

Na durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Sada ne? Maraba, maraba. Shigo daga ciki mana, kai da gidanku."

"Ina wuni, Inna?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri da godiya. Ya maiɗakin taka? Ya yaran?"

"Duk lafiya, suna gaishe ki. Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makoma."

"Amin, amin. Ya wajen Dakta? Ya aikin?"

"Aiki da godiya, Inna."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Da godiya, amma wuyanka kamar na zakara? Mi ya same ka? Kada ka yi mani irin ta Malam, sai an tatsa."

Ban yi niyyar kai wa mai makoki kukana ba, amma ta matsa. Na ce mata, da irin maganar da za ta gane, akwai abin da muke dafawa wanda ba ya kamawa sai da iri, kamar nono, kuma an wanke mana irin.

Ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Irin sukarin Malam? Wannan da ba ya isa shayi?"

Na ɗago kai. Ban taɓa zaton ta san da shi ba.

"Ai ran da ya hwara yin shi, da gudu ya shigo gidan nan kamar yaro. Ya ɗora mani ƙwaya ɗaya a harshe, ya ce dokar aiki ta hana amma yau dai ya karya. Na ce mishi, Malam, shekara biyu kana wahala a kan wannan? Ai ko shayin jariri ba ya isa. Sai ya ɗura kaɗan a wani ɗan bututu ya toshe da kaki, ya ce a ajiye a gida saboda gobara. Ni na kai wa baduku ya ɗinke shi da jar hwata don kada ya hwashe. Shina nan cikin jakar layu." Sai idonta ya buɗe. Ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta nufi zaure ko takalmi babu. "Auta! Kai Auta! Jan nan, kada ka taɓa jan nan!"

Na bi ta a baya. Kabiru ya riga ya farke jar fatar. Bututun yana hannunsa na hagu, rezar tana kan kakin, daron ruwa yana tsakanin ƙafafunsa.

"Inna, wannan ba rubutu ba ne, wani garin magani ne. Zubarwa zan yi."

"Zubar da hannunka dai! Gumin ubanka ne. Miƙo nan."

Yaron ya miƙa mata jiki a sanyaye. Da na yi masa bayani ya riƙe kai yana salati, ya ce wallahi da na tsaya sayen goro a hanya da an gama. Ba laifinsa ba ne, abin da ya ga daidai yake yi, kuma daga baya har ɗakin gwajin ya zo ya ga abin da ya kusa jiƙawa.

Na miƙa hannu zan karɓa, Inna Dije ta janye nata. "A'a. Malam ya ce ba a ɗauka, roƙa ake yi."

Na koma na durƙusa a nan cikin zaure, na ce, "Inna, na zo roƙon iri."

"Na ba ka, don Allah. In ya kama ka san abin da ake yi."

Washegari da safe muka rufe ƙofar ɗakin gwaji, ni da Dakta, muka kashe na'urar sanyi don kada iska ta ɗauke mana abin. Ya kankare kakin da kansa. Garin yana nan a bushe, bai kai cikin farce ba. Ya miƙo mini sandar gilashi ya ce, "Malam Sada, kai aka ba, kai za ka sa." Na yi bismilla, na taɓa garin da bakin sandar, na taɓa maɗin, na rufe kwalbar. Ba abin da ya faru, dama ba a take yake yi ba. Muka sa ta a kabad, muka yi wa juna alkawarin ba mai buɗewa sai bayan Juma'a. Dakta ne ya fara karya alkawarin, na kama shi yana leƙe, shi ma ya kama ni.

Da muka sauko daga masallaci ranar Juma'a muka wuce ofis kai tsaye da manyan riguna. Na ɗaga kwalbar na dubi rana ta cikinta. A daidai inda sandar ta taɓa akwai wani ɗan farin tabo mai tsinaye, kamar furen albasa. Kafin mako ya zagayo ya cinye kwalbar duka. Muka tace, muka busar, muka gwada zafin da yake narkewa, muka leƙa a maleƙa, muka hau da shi takarda. Tagwaye ne, babu ko tantama. Dakta, mutumin da ban taɓa ganin ya yi rawa ba, sai da ya zagaya tebur yana kaɗa hula.

Mutanen Kaduna suka zo cikin doguwar mota. Babbansu ya ɗaga 'yar kwalbar ya ce, "Duk ginin nan, wannan ne?" Dakta ya ce wannan ne, kuma zai ishi masu bincike aikin shekara. Mutumin ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce to a ci gaba. Ban ƙidaya siminti ba. A ɗakin nan na yi sauran aikina har na yi furfura, na koya wa waɗanda suka koya wa malamanku. Na kuma raba iri gida uku, kuma duk wanda ya shigo aiki sai na faɗa masa dokar kanta sau biyu. Ban san ko Tagwayenmu ya zama magani a ƙarshe ba, wannan sai masu bincike. Na san dai mun miƙa musu shi da tsabta, kuma na gode wa Allah da ya sa abincina a nan.

Na farkon da ya fito kuwa, na ɗura shi a sabon bututu na toshe da kaki, na ajiye ƙwaya biyu daban a cikin takarda, na shiga birni. Inna Dije tana tsakar gida tana tankaɗe. Bayan mun gaisa na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu.

"Inna, na dawo da iri."

Ta karɓa ta juya shi a tafin hannunta. "Ya kama ke nan?"

"Ya kama."

"To gobe in kai wa baduku. Wannan na cikin takarda hwa?"

"Naki ne. Dokar aiki ta hana, amma yau dai na karya."

Ta kakkaɓe garin hannunta a zane, ta lashi ɗan yatsa ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta ɗora a harshe. Ta juya tana kallon ƙofar ɗakin Malam.

"Shi ne," ta ce. "Har yanzu ba ya isa shayi."

Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na zauna a wurin har ta gama kukanta, sannan ta tura a kawo mini fura.